Ragowar Dila

Ranar Talata Baba yake fasa dila. Bayan sallar asuba mai baro zai turo ta har ƙofar gida, a mirgino ta cikin zaure, Baba ya yi bisimilla ya sa filaya ya datse ƙarafan da suka ɗaure ta ɗaya bayan ɗaya. Da ya datse na ƙarshe sai dilar ta saki jiki ta kumbura kamar mai ajiyar zuciya, warin nan nata ya cika gidan, warin da duk ɗan gwanjo zai shaida ko da an rufe masa ido. Daga nan sai rabo. Baba zai zauna bisa buzunsa ya riƙa zaro wandunan jins ɗaya-ɗaya, ya ɗaga kowanne saitin hasken ƙofa, ya duba gwiwa da tsakanin cinya da bakin ƙafa, ya ja zif sama da ƙasa, sannan ya yanke masa hukunci. Mai lafiya sumul ya tafi hannun dama. Mai ɗan rauni, wanda allura za ta iya rufa wa asiri, ya tafi tsakiya. Wanda ya yage har ba ya ɗinkuwa, ko fenti ya ɓata shi, ko ƙugunsa ya fi ƙarfin kowa a Kaduna, sai a cilla shi hannun hagu. Wannan tuli na hagu muke kira ragowa, kuma ɗakin Umma ake kai shi.

Baba ba a sana'ar gwanjo ya tashi ba. Shekara 19 ya yi a sashen saƙa na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Tun da aka buɗe ta farko, Kaduna Textiles, a 1957, zamanin gwamnatin Sardauna, unguwar da jiniya take tashi, da jiniya take kwanciya. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ta shiga ta wannan ƙofa, ta fito ta waccan ta zama akoko da atamfa. Daga baya wutar lantarki ta yi wuya, baƙin man da injuna ke sha ya yi tsada, yadin fasa-ƙwauri mai araha ya cika kasuwa, masaƙun suka riƙa mutuwa ɗaya na bin ɗaya. Ina aji huɗu a firamare aka garƙama wa tasu kwaɗo. Da ɗan abin da ya rage a hannunsa ya sayi dilarsa ta farko a wajen dillalan Kasuwar Barci. Dokar ƙasa ta haramta shigo da gwanjo, amma ta Kwatano yake kwararowa ba dare ba rana. Masaƙun sun mutu, gwanjon na nan da ransa. Har yau in Baba ya kama yadi sai ya murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya ce, “Auduga zalla,” ko kuma ya taɓe baki ya ce, “An gauraya da roba.” Bai taɓa kuskure ba a gabana.

Umma kuwa keken ɗinkinta Butterfly ne na ƙafa, cikin kayan ɗakinta aka kawo shi. Idan ragowa ta shigo sai ta wanke ta da ruwan zafi, ta shanya, ta zauna da reza tana farke ɗinki. Zif-zif a gwangwanin madara guda, maɓallai a wani, aljihuna a jere kamar wasiƙu. Ƙafafun wando ta shimfiɗa su ta zagaye yagar da alli, ta yanke abin da ya tsira. Da waɗannan take haɗa jakar makaranta, da rigar matashi, da shimfiɗar jarirai. Abin da ya yi ƙanƙanta ya zama gammo ko tsumman goge-goge. Ita “juyi” take kiran aikin, wai ta juya wa wando rayuwa. Matan unguwa suna saye a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu ma da kwanon masara suke biya.

Da zan shiga ajin farko na sakandare ta yi kwana uku tana ɗinka mini jaka. Ta sa mata aljihunan baya guda biyu na wani wando a gaba, har da ɗan fatar nan mai sunan kamfani, domin a ganinta ado ne. Ranar farko wata yarinya a ajinmu ta zagayo bayana ta ƙura wa jakar ido, sannan ta ɗaga murya ta ce, “Jama'a, ku zo ku ga wadda ta goyo mazaunan Bature!” Aji ya kece da dariya. Sunan ya bi ni har ƙarshen zango. Tun daga rana ta uku na riƙa ɓoye jakar a bayan ƙyauren zauren maƙwabta, in zuba littattafaina a baƙar leda, in na dawo in mayar da su. Ban san ranar da Umma ta gane ba. Na dai wayi gari na ga jakar rataye a jikin kekenta, ta zuba almakashi da alli a ciki. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zaunar da ni ta tambaye ni dalili. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba, muka bar maganar a rataye tare da jakar har shekara bakwai.

A jami'a, a Zariya, zanen yadi da saƙa na karanta. Wata rana a aji biyu malaminmu ya haska mana hotuna a bango. Na farko jaka ce mai ɓarin rubutu a jikinta, rabin harafi ja, rabi fari. Ya ce sunan kamfanin Freitag, wasu 'yan'uwa biyu, Markus da Daniel, suka kafa shi a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1993. Da tsohon tamfol na manyan motoci suke yin jikin jakar, da bel ɗin kujerar mota suke yin maratayi, da tsohon tif na keke suke bin baki. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Patagonia na Amurka ya fara yin rigunan sanyi da zaren da aka samo daga robobin lemo. Sai ya dawo gida Nijeriya, ya nuna mana aikin Nkwo Onwuka, mai kamfanin NKWO, wadda take tsaga tsofaffin jins siri-siri ta harhaɗa su har su yi kama da saƙin hannu, ta sa wa yadin suna Dakala. Bayan na gama karatu na ji labarin Adejoke Lasisi a Ibadan, mai Planet 3R, wadda take saƙa ledar ruwa a masaƙar gargajiya ta Yarabawa. Amma a ranar nan hoton da ya tsaya mini a wuya na wata jaka ce ta jins mai aljihun baya a gaba. Malam ya faɗi kuɗinta da kuɗin Turai. Na buga lissafi a gefen littafina, na ga ya zarce ribar da Baba yake samu a dila biyu.

Malam ya bambance mana hanya biyu. Akwai sake sarrafawa, inda ake narkar da abu ko a daddatsa shi har ya koma ɗanyen kaya, kamar yadda ake yi wa robar lemo. Akwai kuma ɗaga daraja, inda ake barin abin da siffarsa a sauya masa aiki zuwa wanda ya fi na da tsada. 'Yan aji suna ta rubutawa kamar an zo da sabon wahayi. Ni kuwa ina zaune ina lissafa abin da na taso ina gani: takalmin taya a ƙafar makiyaya, fitilar a-ci-bal-bal ta gwangwanin madara, tukunyar da maƙeran Panteka suke zubawa daga narkakkun gwangwanaye, jakar cefane ta buhun shinkafa. Duk mun iya su tun kaka da kakanni, sai dai a wurinmu sunansu babu, kuma wanda Allah ya buɗa wa yakan yi sauri ya rabu da su kada a tuna masa. Kunya ta kama ni a kujerar nan, irin wadda ba ta da wurin kai ta, domin wadda na yi wa laifin tana Kakuri tana taka keke.

Da na gama hidimar ƙasa na dawo gida ba aiki, sai na zauna kusa da Umma da takarda da ma'auni. Na gyara wa jakar siffa, na ƙara mata shafi na ragowar atamfar da teloli ke zubarwa, na sa wani yaro ya ɗauki hotuna masu kyau, na zuba su a Instagram. Na kuma buga ɗan kati da Turanci da ake maƙalawa a maratayin kowace jaka. Ranar da katunan suka iso Umma ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta ce, “Ke, me aka ce a nan?”

Na ce, “An ce an yi jakar nan daga shara, Umma.”

Ta ɗauke ƙafarta daga kan keke. “Ni shara nake ɗinkawa? Shara ita ce abin da aka share aka kai bola. Wannan a ɗakina yake kwana, ni na wanke shi, ni na goge shi. In so kike ki shaida wa duniya uwarki 'yar jari-bola ce don a ba ki kuɗi, to, ki nemi wata uwar.”

Na shiga yi mata bayani irin na wanda ya je makaranta. Na ce masu sayen nan suna son su ji cewa kuɗinsu ya hana wani abu zuwa juji, wannan kalma ita ce take sa jakar naira dubu biyu ta zama ta dubu goma sha takwas. Ta saurara har na gama, sannan ta mayar da ƙafarta kan keke ta ce, “Ashe ba ɗinkin suke saye ba.”

Katin bai fita ba, domin kuɗi suna shigowa, kuma gidanmu yana bukatarsu. Da kuɗin jakunkunan aka biya wa ƙanena jarrabawar fita sakandare, da su ake sayen maganin hawan jinin Baba duk wata, da su muka sauya kwanon ɗakin Umma da ke yoyo tun ina yarinya. Ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗi ba. Yarinyar da aka yi wa dariya saboda aljihun wando ita ce yanzu matan Abuja suke tura wa kuɗi don ta aika musu aljihun wando. Abin da ban tsaya na lura da shi ba shi ne matan unguwa sun daina leƙowa. Wa zai kawo kwanon masara a kan abin da ya ji an sayar dubu goma sha takwas?

A ƙarshen 2023 wata Hajiya mai shago a Abuja ta kira ni. Wani kamfani yana son ya raba wa ma'aikatansa kyautar ƙarshen shekara, jaka 60, duk girma ɗaya, duk shuɗi mai duhu, cikin mako uku, rabin kuɗi a hannu. Na amsa kafin ta rufe baki. Sai da na ajiye waya na tuna cewa ragowa ba ta san oda ba. Abin da dila ta ga dama shi take bayarwa: wannan ya koɗe, wancan baƙi, wani mai kauri, wani kamar gyale. Kafin a sami jaka guda mai launi ɗaya sai an farke yagaggun wanduna uku, wani lokaci huɗu, a yini ana lallaɓa yanka a gefen huji. Na bi abokan sana'ar Baba rumfa-rumfa na saye ragowarsu, muka ɗauki mata biyu daga maƙwabta, muka riƙa kai wa ƙarfe ɗayan dare. Saura kwana biyar, muna da jaka 43, shuɗi mai duhu kuwa ya ƙare ƙaf.

A zaure kuwa ga tulin hannun dama a ninke, yana jiran ranar kasuwa. Na daɗe a tsaye a kansa. Da Baba ya tafi sallar isha na zaɓi guda 17, masu duhu, masu kauri, na ƙirga kuɗinsu cif-cif a kan farashin da yake sayarwa, na tura a ƙarƙashin buzunsa. Na gaya wa kaina cewa ciniki na yi, har ma na hutar da shi zaman rana. Wando mai lafiya daɗin yanka gare shi. Ba zagaye, ba dabara, almakashi tafiya kawai yake yi, wando ɗaya jaka ɗaya. Kafin sha biyun dare na gama da su duka. Da safe Umma ta ɗauki ƙafar wando ɗaya cikin waɗanda na yanka, ta ɗaga ta saitin taga tana neman inda ta yage. Ta juya ta, ta sake juyawa. Sannan ta sa ta a ƙarƙashin allura ba tare da ta dube ni ba.

Baba ne ya yi magana. Ya same ni a tsakar gida, kuɗin a hannu ɗaya, ƙugun wando a ɗaya hannun, wanda ya tsinto a kwandon ƙyallaye. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

Ya ce, “Uwata, kuɗinki sun cika, ban ce kin cuce ni ba. Amma wannan na ajiye wa yaron nan mai tura mana ruwa ne. Mako uku ke nan yana kawo ɗari biyar-biyar.”

Na ce, “Baba, ban sani ba. Zan nemo masa wani.”

“Za a samu.” Ya murza yadin a tsakanin yatsunsa. “Auduga zalla. Kin san shekara nawa wandon nan zai yi a jikin mai aikin ƙarfi? Biyar, ko fiye. An noma ta, an tsince, an gurza, an kaɗa, an rina, an saƙa. Ni na tsaya a gaban injin, na san abin da kowane taƙi ya ci. Ke kin gama da shi cikin minti biyar. Shi ke nan, kayanki ne, kin biya. Abin da nake tambaya, katin nan naki za ki rataya masa, ki ce daga bola kika tsamo shi?”

Ban sami amsa ba. Ya ajiye ƙugun a kan turmi ya fita.

Na san alƙaluman tun a aji. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa wandon jins guda yana shan ruwa kimanin lita 7,500 daga gona zuwa kanti. Da wannan adadi nake yi wa masu saye kirari. Yanzu ga shi na ɗauki wanduna 17 da ke da sauran shekaru a gaba, na datse musu kwana, na mayar da ƙugunsu da zif ɗinsu tarkace, sannan ina shirin karɓar lada a kan cewa na rage tarkace a duniya. Ɗan garuwan da na hana wando kuwa, in bai sami na Baba ba, sabo mai araha zai saya, wanda ba zai kai damina biyu ba. Ni da kaina na ƙera sharar da nake tallar na ceto.

Daga baya na fahimci cewa ramin da na faɗa ba ni kaɗai yake jira ba, a tsakiyar sana'ar aka haƙa shi. Abin da aka zubar ba ya zuwa bai ɗaya, kasuwa kuwa bai ɗaya take so, da yawa, kuma a kan lokaci. Duk kamfanin da ya girma a wannan hanya sai ya tsaya inda na tsaya a zaure. Freitag sun kauce wa ramin ta hanyar koya wa masu sayensu cewa babu jaka biyu masu kama ɗaya, wanda ya ga wadda ta yi masa ya ɗauka. Masu yin riga da robar lemo kuwa tasu matsalar daban ce. Robar da aka narkar za ta iya komawa roba, a sake narkar da ita, amma da zarar ta zama zare aka gauraya ta da auduga, raba su ya zama jan aiki, tafiyarta ta kusa ƙarewa ke nan, ga kuma ɓurɓushin da take saki a ruwa duk wanki. Rahoton da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya ce abin da ake mayarwa sabuwar tufa daga tsofaffin tufafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, alhali yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya ninka tsakanin 2000 da 2015. Ban ce masu wannan sana'a maƙaryata ba ne. Da yawansu sun fi ni tsoron Allah a cikinta, sun kuma sa an daina ganin faci a matsayin abin kunya, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Da an yi haka tun ina sakandare da ban ɓoye jakata a bayan ƙyaure ba. Sai dai na daina gaskata kowane kati kafin in tambayi me aka yanka, tun da na ga yadda nawa ya kusa yin ƙarya ba tare da an sauya masa harafi ɗaya ba.

Ƙanwar Umma tana aure a Nima, cikin birnin Akkara, kuma daga bakinta na fara jin yadda ragowa take idan ta fi ƙarfin ɗakin mace guda. Kasuwar Kantamanto tana cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya. Ƙungiyar The Or Foundation da ke aiki a can ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 suke shiga kasuwar duk mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 a matsayin shara suke fita. Mutanen can suna kiran gwanjo “obroni wawu”, wato kayan mataccen Bature, domin da farko sun ɗauka babu mai rai da zai rabu da tufafi masu yawa haka. 'Yan matan da ke ɗaukar dila mai nauyin kilo 55 a ka, akasarinsu daga arewacin Gana, ana ce musu “kayayei”, kuma “kaya” ɗin da ke farkon sunan namu ne na Hausa. A cikin kasuwar akwai teloli da marina bila adadin da suke yin irin juyin Umma tun kafin a ba shi suna a Turai, akwai kuma matasa irin su Yayra Agbofah mai The Revival da suke fitar da kayan ado daga abin da aka zubar. Duk da haka abin da ya rage yana toshe magudanai, yana cika tafkin Korle, teku ta nannaɗe shi kamar igiya ta dawo da shi bakin gaɓa. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan kasuwar cikin dare ɗaya. Innar tawa ta ce ba a daɗe ba masu rumfuna suka koma kafa katako a kan toka, jiragen ruwa kuwa ba su fasa sauke dila ba.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar da Baba ya bar ƙugun wando a kan turmi, abin da ke gabana shi ne waya. Sai da la'asar na iya kiran Hajiya. Na ce, “Hajiya, jaka 43 daga yagaggun wanduna aka yi su. Sauran 17 daga masu lafiya na yanka. Zan kawo duka, amma waɗannan ba zan sa musu kati ba.”

Ta yi dariya ta ce, “Haba ƙanwata, wa zai sani? Gwanjo ai gwanjo ne.” Da ta ji ban sauya ba sai muryarta ta sauya. Ta ce kamfanin ya riga ya buga takardar godiya da ke cewa kowace jaka an ceto ta daga juji, ba za ta kai musu kaya biyu da labari biyu ba. Ta karɓi 43, ta cire kuɗin sauran, ta ce za ta cike daga wani wuri. Ban san da me aka cike ba. Ba ta sake kira na ba, ban kuma ga laifinta sosai ba, ita ma alkawari ta ɗauka. Bayan na sallami matan da muka ɗauka na cire kuɗin wandunan, abin da ya rage bai kai abin da na ci buri a kansa ba ko kusa.

Jakunkunan nan 17 suka yi wata guda a ɗakin Umma. Wata rana na dawo na tarar babu ko ɗaya. Ta aika wa matan unguwa cewa akwai jakar makaranta, kowa ta kawo abin da ya sawwaƙa. Har kwanon gero na gani a bakin ƙofa. Yanzu in na fita da safe nakan ga guda biyu ko uku a bayan 'yan mata masu farin hijabi, kuma na taɓa bin wata a baya har kwanar makaranta ina kasa kunne, ban ji wanda ya ce mata komai ba. Ɗan garuwa ya sami wandonsa bayan mako uku. Baba ya miƙa masa yana taɓe baki, domin an gauraya da roba.

Mun sake kati. Umma ce ta faɗi abin da za a rubuta, ni na juya shi zuwa Turanci a ƙasa: yawan wandunan da suka shiga jakar, da inda kowanne ya yage, da cewa a Kakuri aka ɗinka ta. Kalmar nan da ta ƙi ba ta ciki. Cinikin ya ragu, bai mutu ba. Na daina karɓar odar launi ɗaya, wanda ya matsa sai in ce masa dila ba ta haifar tagwaye. Tsohuwar jakata tana nan rataye a jikin keke, aljihu ɗaya ya fara sakin baki. Na taɓa cewa, “Umma, ki ba ni jakar nan in gyara.” Ta ce, “Bar ta, tana aikinta.”

Dilar ce dai take sauyawa. Shekarun baya tulin dama ya fi kowanne tsawo. Yanzu na hagu yana kamo shi, kuma yawancin abin da ke cikinsa wani irin jins ne sirara mai talewa, wanda yake sakin jiki tun bai tsufa ba. Allurar Umma tsallake take yi a kansa, in an matsa ya tattare, in an ɗinka ya zame. Ko gammo ba ya yi, ko ruwa ba ya tsotsa balle a yi tsumma da shi. Haka aka sami tuli na huɗu a zauren Baba, a bayan ƙofa, wanda har yau ba mu sa masa suna ba. A buhu muke ɗura shi a ba yara su kai bola. In an cinna wa bolar wuta da yamma, ba ya zama toka kamar auduga, narkewa yake yi ya dunƙule, hayaƙinsa baƙi ya bi ta kan gidaje.

Talatar da ta wuce buhu biyu muka cika. Ina riƙe da bakin na biyun Baba yana dannawa da ƙafa, sai ya tsaya ya zaro wani wando daga ciki, ya ja shi ya ga yadda yake talewa, ya sake shi ya koma. Ya ce, “Uwata, a littattafan naku, me aka ce a yi da wannan?”

Na ce, “Suna kan bincike, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya mayar da shi cikin buhun, ya ce in miƙo masa igiya.